Ruwan Kaka: Labarin Shusui, Jirgin Rokar Japan da Ya Tashi Sau Ɗaya Tak

A garin Chino da ke jihar Kaliforniya ta Amurka akwai gidan adana tsofaffin jiragen sama mai suna Planes of Fame. Cikin jiragen da ke ajiye a wurin akwai wani gajere mai ƙaton ciki, tsawonsa kimanin mita shida, fukafukansa sun karkata baya. Ba shi da farfela, ba shi da ƙananan fukafukan wutsiya irin na sauran jirage, kuma ba shi da tayoyin sauka. Sunansa Mitsubishi J8M, Japanawa kuma suna kiransa Shusui, wato ruwan kaka. A adabinsu da wannan kalma ake siffanta takobi mai kaifi da sheƙi. Guda bakwai aka ƙera. Ɗaya ne kaɗai a cikinsu ya taɓa tashi da ƙarfin injinsa, shi ma sau ɗaya, kuma matuƙin da ya tashe shi ya rasu washegari.

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta, labarin wannan jirgi ya daɗe yana damunmu, domin mun san kamanninsa a wajen aiki: an ba ka rabin bayani, an yanke maka wa'adin da ba zai yiwu ba, an ce ka kwaikwayi abin da ba ka taɓa gani da idonka ba. Idan mu muka kuskure, manhaja ce take tsayawa, a sake kunna ta. Su kuwa mutum suka ɗaure a kujera, a gaban tankin sinadarin da ke cin naman jiki.

Abin da ya haifar da shi

A daren 15 ga Yuni 1944, jiragen B-29 na Amurka suka taso daga ƙasar Sin suka yi ruwan bama-bamai a kan masana'antar ƙarfe ta Yawata a kudancin Japan. Daga 24 ga Nuwamba na shekarar suka fara tasowa daga tsibiran Mariyana suna kai wa Tokyo hari. A wannan lokaci ne kuma sojojin Afirka ta Yamma, da Hausawa da yawa a cikinsu, suke fafatawa da sojojin Japan a dazukan Bama.

B-29 jirgi ne mai injuna huɗu da ke iya tafiya a nisan mita 9,000 zuwa 10,000 daga ƙasa. A can sama iska ba ta da kauri, injin fetur kuwa da iska yake numfashi. Amurkawa sun magance wannan da wata na'ura da ke amfani da ƙarfin hayaƙin injin tana cusa masa iska. Masana'antun Japan ba su kai ga ƙera irinta da yawa mai inganci ba. Saboda haka jiragen yaƙinsu sukan daɗe kafin su kai wannan nisa, idan sun kai ma da ƙyar suke riƙe kansu. Abin ya kai ga wasu rundunoni suna cire bindigogi da sulken jirgi don ya yi sauƙi, matuƙi ya hau ya yi karo da B-29 da gangan.

Roka ba ta da wannan matsala. Tana ɗauke da mai, tana kuma ɗauke da sinadarin da zai ƙona man, don haka ba ruwanta da kaurin iska. Kuma akwai ƙasar da ta riga ta ɗora mutum a kan irin wannan inji.

Takardun da teku ta cinye

A Jamus, injiniya Alexander Lippisch ya zana wani jirgi marar fukafukan wutsiya, Hellmuth Walter kuma ya ƙera masa injin roka. Shi ne Messerschmitt Me 163, wanda ake kira Komet. A ranar 2 ga Oktoba 1941, matuƙin gwaji Heini Dittmar ya wuce gudun kilomita 1,000 a sa'a da samfurin farko. Jami'an sojan Japan da ke Jamus sun ga jirgin, suka aika rahoto gida, aka ƙulla yarjejeniyar ba Japan izinin ƙera shi. Izinin injin kaɗai ya ci kuɗin Jamus na lokacin, Reichsmark miliyan 20.

Biyan kuɗi bai yi wuya ba kamar kai kayan. A 1944 babu wata hanya tsakanin Jamus da Japan sai ta jirgin ƙarƙashin teku, tafiyar wata uku ta cikin ruwan da abokan gaba ke sintiri. Aka raba kayan da takardun zane a jirage biyu, don in ɗaya ya salwanta ɗayan ya isa.

Na farko, Ro-501, wanda Jamus ta ba Japan kyauta, ya bar tashar Kiel a ƙarshen Maris 1944. A ranar 13 ga Mayu jirgin ruwan yaƙin Amurka ya nutsar da shi a tekun Atlantika, a yankin tsibiran Cape Verde da ke yamma da Senegal. Babu wanda ya tsira. Na biyu, I-29, ya bar Lorient ta Faransa ranar 16 ga Afrilu, ya kewaya ta ƙasan Afirka, ya isa Singafo ranar 14 ga Yuli. A nan ne wani jami'in fasaha na sojan ruwa, Kwamanda Eiichi Iwaya, ya sauka ya hau jirgin sama zuwa Tokyo da 'yan takardun da zai iya ɗauka a hannu. Sauran kayan aka bar su a cikin I-29 su biyo baya. A ranar 26 ga Yuli jirgin ƙarƙashin teku na Amurka mai suna Sawfish ya harbe shi a mashigin Luzon, arewa da Filifin.

Abin da ya rage wa Japan shi ne abin da ke cikin jakar Iwaya: zanen siffar jirgin ta waje, bayanin sinadaran man, littafin koyar da sarrafawa, da wasu 'yan bayanai kan injin. Daga jakar nan kuma aka samu ɗan bayanin da ya taimaka wajen ƙera Kikka, jirgin jet na farko na Japan, wanda ya tashi ranar 7 ga Agusta 1945.

Gini a kan ragowar bayani

Sojan ƙasa da sojan ruwa na Japan sun shahara da rashin jituwa. Har izinin ƙera injin jirgi na Daimler-Benz kowannensu ya saya daban, wannan ya ba kamfanin Kawasaki, wancan ya ba Aichi. Tsananin tsoron B-29 ne ya sa suka haɗa kai a kan wannan aiki. Sojan ruwa suka sa wa jirgin lamba J8M, sojan ƙasa suka kira shi Ki-200, aka ɗora wa kamfanin Mitsubishi na Nagoya nauyin ƙera shi, ƙarƙashin injiniya Mijiro Takahashi.

Duk wanda aka taɓa ce wa ya sake gina wata manhaja alhali littafin koyar da amfani da ita kawai ke hannunsa, ya san inda gizo ke saƙa. Littafin zai gaya maka abin da manhajar take yi. Ba zai gaya maka dalilin da ya sa aka yi kaza ta wannan hanya ba, ko kurakuran da masu ginin farko suka faɗa ciki kafin su gano hanyar. Jamusawa sun yi shekaru suna gwaji, injuna sun fashe musu, matuƙa sun mutu, kowane ƙaramin bututu a jirginsu yana da tarihin da ya ajiye shi a inda yake. Irin wannan ilimi a cikin cikakken zane yake zama, cikakken zanen kuwa yana ƙasan teku. Dole mutanen Takahashi su yanke ɗaruruwan ƙananan hukunce-hukunce da kansu.

Duk da haka sun yi sauri ƙwarai. A watan Satumba 1944 suka gama samfurin katako. Don koya wa matuƙa sarrafa jirgi marar wutsiya, aka ƙera irinsa marar inji wanda wani jirgin ke ja ya sake shi a sama, aka sa masa suna Akigusa, wato ciyawar kaka. A watan Disamba wani matashin hafsan sojan ruwa, Toyohiko Inuzuka, ya gwada shi, ya same shi mai biyayya a hannu. A Janairu 1945 aka gwada gangar jikin jirgin na ainihi ba tare da inji ba, aka zuba ruwa a tankunansa don ya yi nauyin da ake so. Wannan ma ya tafi daidai.

Injin ne ya ƙi. A ranar 7 ga Disamba 1944 babbar girgizar ƙasa ta afka wa yankin Nagoya, bayan mako guda kuma B-29 suka fara ragargaza masana'antar injuna ta Mitsubishi da ke garin. Masu aikin injin suka yi ta ƙaura da kayan gwajinsu daga wannan wuri zuwa wancan. Sai tsakiyar 1945 aka samu injin da ke iya ci na 'yan mintuna bai mutu ba. Sunansa Toku Ro 2, ƙarfin turinsa kimanin kilogiram 1,500.

Man da ya fi jirgin wuya

Ruwa iri biyu injin yake sha. Na farko shi ne haidurojin feroksaid, wato ruwan nan mai kumfa da ake saya a kemis don wanke ciwo. Na kemis ƙarfinsa kashi uku ne zuwa shida cikin ɗari. Na jirgin kashi 80 ne, kuma idan ya taɓa tufa ko katako ko fatar mutum sai ya ci ko ya kama da wuta. Na biyu gaurayen metanol ne da haidirazin da ruwa. Ba a buƙatar ashana: da zarar biyun sun haɗu sai su kama da kansu. Wani ɓangare na feroksaid ɗin kuma ana mayar da shi tururi, tururin ya juya famfon da ke tura ruwayen biyu zuwa ɗakin ƙonewa.

Samar da feroksaid mai wannan ƙarfi yana cin wutar lantarki mai yawa, kuma na'urorin suna buƙatar ƙarfen filatinam. A 1944 gwamnati ta yi shelar tattara filatinam daga hannun jama'a, mata suka miƙa zobba da sauran kayan ado. Kuma tun da ruwan ba ya zama lafiya a cikin tankin ƙarfe na yau da kullum, sai aka koma ga maginan tukwane. Garin Tokoname, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru yana gina tukwanen yumɓu, aka sa shi gina manya-manyan randuna na ajiye man roka. Har yau ana ganin ragowarsu a garin.

Tsarin da hukumomi suka yi shi ne a ƙera jirage 3,600 kafin Maris 1946. Mu yi ɗan lissafi. Kowane tashi guda yana cin kusan tan biyu na waɗannan ruwaye. Idan kowane jirgi ya tashi sau ɗaya kacal, ana buƙatar tan 7,200 ke nan, a ƙasar da aka datse wa hanyoyin teku, ake kuma ƙone mata masana'antu kowane dare. Mun sha ganin irin wannan jadawali a takarda, wanda aka fara rubuta ranar kammalawa sannan aka koma neman yadda za a yi.

7 ga Yuli 1945

An shirya tashin farko a filin jirgin sama na Oppama da ke Yokosuka, a bakin gaɓar Tokyo. Inuzuka, wanda ya gwada Akigusa, shi aka zaɓa. Filin ƙarami ne, tashin kuma na gwaji ne, saboda haka aka yanke shawarar kada a cika tanki. Aka zuba kimanin kashi ɗaya cikin uku, don jirgin ya yi sauƙi, hatsarin fashewa kuma ya ragu.

Injin ya ba da wahala wajen kunnawa, sai kusan ƙarfe biyar na yamma aka samu ya kama. Jirgin ya ruga a kan titi, ya ɗaga, ya saki keken tayoyin da ya tashi a kai kamar yadda aka tsara, ya miƙe sama a karkace, kusurwar digiri 45. Cikin daƙiƙu kaɗan ya kai tsakanin mita 350 da 400. A nan injin ya yi tari ya mutu.

Inuzuka bai rasa sarrafa jirgin ba. Ya daidaita shi, ya juyo da shi yana shawagi don ya dawo filin. Saura kaɗan ya kai, sai fiffikensa ya bugi wani gini da ke gefen fili, jirgin ya faɗi ya wargaje. Aka ciro shi da munanan raunuka, ya cika washegari, 8 ga Yuli.

Da aka yi bincike, sai aka gano injin lafiyarsa ƙalau. Bakin bututun da ke jan ruwa daga tanki an sa shi ne ta gaban tankin. Idan jirgi yana zaune a ƙasa, ko tanki yana cike, babu matsala. Amma da jirgin ya ɗaga hanci sama yana ƙara gudu, ga shi ruwan bai kai rabi ba, sai duk ya koma bayan tanki, bakin bututu ya zauna a fili yana zuƙar iska. Duk wanda ya taɓa karkata jarka mai ɗan ruwa a ciki ya san yadda abin yake.

Wannan wuri ne ya fi tsaya mana a rai. An gwada gangar jikin ita kaɗai, ta ci jarrabawa. An gwada injin shi kaɗai a kan dandamalin gwaji a ƙasa, ya ci. Abin da ba a gwada ba shi ne haɗuwar abubuwa uku a lokaci guda: tanki marar cika, hawa a karkace, da fizgar gudu. Ɗaya daga cikin ukun kuwa, rage man, an yi shi ne don kare ran matuƙin. Garin neman gira aka rasa ido. A wajen aikinmu mun san cewa kuskure mafi muni ba ya zama a cikin sashe ɗaya na manhaja, yana zama ne a mahaɗar sassa biyu da mutane daban suka rubuta, kowannensu yana zaton ɗayan ya kula. Mun kuma san cewa canjin da aka yi a daren ƙarshe "don a zauna lafiya" shi ne canjin da ba wanda ya gwada.

Injiniyoyin suka koma gyara tsarin bututun, ana shirin tashi na biyu. Ranar 6 ga Agusta aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, ranar 9 a Nagasaki. Ranar 15 ga Agusta Sarki Hirohito ya yi jawabin miƙa wuya ta rediyo, kwana 39 bayan tashin Inuzuka. Shusui bai sake tashi ba.

Ko da ya tashi lafiya

Masu sha'awar tsofaffin jirage suna son tambayar abin da zai faru da a ce an gama shi da wuri. A takarda jirgin abin tsoro ne: zai kai mita 10,000 cikin kimanin minti uku da rabi, gudunsa ya kusa kilomita 900 a sa'a, yana ɗauke da manyan bindigogi biyu masu bakin milimita 30. Amma mansa na kimanin minti biyar da rabi ne. Zai hau, ya ratsa ayarin B-29 sau ɗaya ko biyu da gudun da bai bar wa matuƙi fiye da 'yan daƙiƙu na saiti ba, sannan ya dawo yana shawagi ba inji, ya sauka a kan wani sandan ƙarfe da ke ƙarƙashin cikinsa. Garin da ke kusa da filinsa kaɗai zai iya karewa. Daga Afrilu 1945 kuma jiragen yaƙi na P-51 sun fara rako B-29 daga tsibirin Iwo Jima, jirgi marar inji kuwa nama ne a gabansu.

Ba sai mun yi hasashe ba, domin Jamus ta riga ta yi gwajin. Ta ƙera Komet fiye da 300, ta sa su a fagen fama daga tsakiyar 1944, amma jiragen abokan gaba da suka kakkaɓo ba su kai 20 ba, hatsarin tashi da sauka kuma ya ci matuƙansu da dama.

Akwai abin da ya fi wannan. A Janairu 1945 Janar Curtis LeMay ya karɓi jagorancin hare-haren B-29 daga Mariyana. Ya ga cewa jefa bam daga can ƙololuwa ba ya samun abin da aka nufa, saboda wata iska mai tsananin gudu da ke kaɗawa a saman Japan. Sai ya sauya dabara. A daren 9 zuwa 10 ga Maris, jiragensa suka zo Tokyo cikin duhu, ƙasa-ƙasa, ba su kai mita 3,000 ba, ɗauke da bama-baman gobara. Kimanin mutum 100,000 suka mutu a daren, yawancinsu fararen hula. Shusui an zana shi ne don abokin gaban da ke zuwa da rana a can sama. Wata huɗu kafin ya tashi, mafi munin hare-haren sun riga sun koma dare. Ranar da Inuzuka ya hau shi, aikin ya zama ihu bayan hari.

Wasu sukan rikita Shusui da Ohka, wanda shi ma roka ce ke tura shi kuma ana ganinsa a gidajen tarihi da dama. Ohka bam ne mai fukafukai da aka ƙera don matuƙinsa ya mutu tare da shi a jikin jirgin ruwa. Shusui an ƙera shi ne da niyyar matuƙi ya dawo. Amma shugabannin da suka ba da umarnin biyun ɗaya ne, su ne kuma suka kai yaƙi Sin da Filifin da Bama da sauran ƙasashen Asiya, inda miliyoyin mutane suka hallaka. Ƙwazon injiniyoyin Nagoya abin jinjinawa ne, kuma mutanen da bama-bamai ke sauka a kansu sun cancanci kariya. Sai dai wa'adin da ya hana a yi gwaji yadda ya kamata ya fito ne daga mutanen da suka san yaƙin ya riga ya kuɓuce musu, suka ƙi faɗa.

Biyun da suka rage

Bayan yaƙi Amurkawa suka kwashi jiragen Japan iri-iri zuwa ƙasarsu don nazari, har da Shusui. Da aka gama da su, yawancinsu sun ƙare a hannun masu sayen tsohon ƙarfe. Ɗaya ya tsira saboda Edward Maloney, mutumin da ya kafa Planes of Fame a 1957, ya samo shi ya adana. Shi ne wanda ke Chino, kuma shi kaɗai ne cikakken Shusui na asali da ya rage.

Na biyun a Japan yake. A 1961 masu aikin gini a harabar wani kamfanin ƙera jirage a Yokohama suka ci karo da ragowar gangar jikin wani Shusui da aka ɓoye. Ya yi shekaru a sansanin sojan sama na Gifu, sannan a 1997 aka miƙa shi ga Mitsubishi. Ma'aikatan kamfanin suka sake zana sassan da suka ɓace, suka ƙera su, suka kammala gyaran a Disamba 2001. A yanzu yana gidan tarihin kamfanin da ke unguwar Oye a Nagoya, inda ofishin zanen jiragen Mitsubishi yake tun zamanin yaƙi. Su ma, kamar mutanen Takahashi, da ragowar bayani suka yi aiki, sai dai sun samu shekara huɗu, kuma ba wanda zai hau jirgin.

Masu ɗaukar hoton jiragen nan biyu sukan fi mayar da hankali ga hancinsu da fukafukansu da bakin rokar da ke baya. Tankin yana ciki, daf da bayan kujerar matuƙi, ba a ganinsa daga waje. Tun da muka san labarinsa, idan wani a ofis ya kawo ƙaramin canji a daren da za a saki manhaja ya ce ai don kariya ne kawai, mukan ce a dakata a gwada shi tare da sauran sassan tukuna, ko da wa'adi zai wuce.